Umarni uku da muka gada

Duk wanda ya daɗe yana aiki da Unix ko Linux, yatsunsa sun haddace umarni uku: ./configure, sai make, sai make install. Ka sauko da ƙunshin tushen manhaja, ka kwance shi, ka buga su, ka zuba ido rubutu na gudu a allo, wani lokaci har gari ya waye.

Na tsakiyar ne dattijonsu. Stuart Feldman ya rubuta make a Bell Labs a 1976, bayan wani abokin aikinsa ya ɓata safiya guda yana farautar kuskuren da tuni ya gyara, ashe fayil ɗin ne ba a sake harhaɗawa ba. Dabarar Feldman ita ce a duba lokacin da aka taɓa kowane fayil, a sake harhaɗa wanda ya canza da duk abin da ya dogara a kansa, a bar saura. Har yau ban ga abin da ya fi wannan dabara tsafta a sana'armu ba.

Shi kuwa configure rikici ne ya haife shi. Kamfanonin Sun da IBM da HP, kowa da irin Unix ɗinsa, abin da ya harhaɗu a nan sai ya ƙi a can. A 1991 David MacKenzie ya fara Autoconf don manhajojin GNU: yana samar da rubutun configure da zai binciki kwamfutarka, ya ga me take da shi, me ta rasa. Rubutun yakan kai layi dubbai, kuma kusan ba mai karanta shi. Da tsare-tsaren girka manhaja irin su RPM da APT suka bazu, yawancin mutane suka koma karɓar manhaja a shirye, aikin harhaɗawa ya koma hannun 'yan tsiraru.

Ta ƙofar wannan rubutun da ba mai karantawa ɓarawo ya shigo. A Maris 2024 wani mai suna Andres Freund ya lura shiga ta ssh ta ƙara masa jinkirin kusan rabin daƙiƙa. Ya bi sawu har ya kai ga manhajar xz 5.6.0 da 5.6.1. Wani mai amfani da sunan Jia Tan ya shafe fiye da shekara biyu yana sayen amana, sannan ya ɓoye muguwar lamba cikin fayilolin gwaji. Rubutun da ke tayar da ita yayin configure kuwa yana cikin ƙunshin da ake saukewa ne kawai, babu shi a ma'ajiyar Git da idanu suke kai.

Yanzu nakan kwatanta ƙunshin da ma'ajiyar kafin na fara, in da hali kuma na samar da configure da kaina ta autoreconf.