Tarihin Jirgin Katako na Bakin Teku

Duk wanda ya taɓa kora amalanke zuwa kasuwar Magariya ko ta Dungas ya san halinta: wajen hawan tudu da ƙyar take tafiya, amma in ta kama gangara sai an riƙe ta. To, a Amurka akwai waɗanda suka mai da wannan gangara abin wasa, har ana biyan kuɗi a hau.

A bakin teku, gefen birnin New York, akwai wani wurin shaƙatawa mai suna Coney Island. A can ne, cikin shekarar 1884, wani mutum wai shi LaMarcus Thompson ya kafa hanyar jirgi ta katako mai tudu da kwari. Tsawonta wajen mita 180. Taragon ba shi da inji, nauyinsa ne ke tura shi. Gudunsa bai wuce kilomita 10 a awa ba, amma jama'a suka yi ta tururuwa.

Ganin haka, sai wasu suka shiga gina waɗanda suka fi shi. Ran 26 ga Yuni 1927 aka buɗe wanda ake kira Cyclone, wato guguwa. Sarƙa ke jan taragonsa zuwa bisa, mita 26, sa'an nan a sake su, su gangaro da gudun kusan kilomita 100 a awa.

Da tafiya ta yi tafiya, masu zuwa suka ragu, katako ya tsufa. A farkon shekarun 1970 aka yi niyyar rushe shi don a faɗaɗa gidan nuna kifaye da ke kusa. Mutanen gari suka tashi tsaye, suka ce ba su yarda ba. Aka gyara shi, aka sake buɗewa a 1975. A 1988 hukumar birnin ta sa shi cikin kayan tarihi da doka ta hana a rusa.

Ku lura, iskar teku da ruwan sama ba su barin itace lafiya. Abin da ya riƙe shi har yau shi ne ma'aikata masu bin hanyar suna dubawa, katakon da ya ruɓe su cire, su sa sabo, don ran mutane ne ke bisa. A 2027 zai cika shekara ɗari.

Sai mun sake saduwa, mu kwana lafiya.