Daga Goron Mai Unguwa Zuwa Sa Hannun Gwamna



A labaran da ake turo mana don dubawa akwai wata fitowa da ke yawan maimaituwa: wani Alhaji ya sauka ƙauye, ya miƙa wa dagaci jakar kuɗi, washegari an fara jera gidaje a gonar marayu. Tana da daɗin karatu, amma duk wanda ya taɓa bin takardar fili zai ajiye littafin ya yi murmushi. Shi ya sa muka ga ya dace mu waiwayi tarihin wanda ke da ikon cewa "gina" a ƙasar ƙauye.

Kafin zuwan Turawa al'amarin bai da tsawo. Baƙo ya riƙe goronsa ya je wurin mai unguwa, mai unguwa ya kai shi gaban dagaci, a nuna masa inda zai kafa danga da inda zai sare daji. Gona kuwa tana sauya hannu ta gado, aro, jingina, kyauta ko saye, shaidarta dattawa da bishiyar kan iyaka. Malaman Daular Usmaniyya ma ba su bar batun ba, don Shehu Abdullahi ɗan Fodiyo ya yi rubutu a kan hukuncin raya matacciyar ƙasa.

Bayan cin Kano da Sakkwato a 1903, Turawa sun zauna tunanin ƙasar nan ta wa ce. A zamanin Gwamna Girouard aka kafa kwamiti a Landan a 1908, daga rahotonsa aka fitar da dokar 1910 wadda ta sa duk ƙasar Arewa a ƙarƙashin ikon Gwamna, wai yana riƙe da ita don amfanin 'yan ƙasa. Daga nan abin da mutum ke da shi a idon doka ya zama haƙƙin zama da amfani. Manomin ƙauye bai ji wani sauyi a jikinsa ba, domin En'e da hakimai ne suka ci gaba da rabo. Gwamnatin Jihar Arewa ta sabunta dokar a 1962, ikon ya koma hannun minista.

Babban juyin shi ne na ranar 29 ga Maris, 1978, lokacin da gwamnatin soja ta Janar Obasanjo ta fitar da Dokar Amfani da Ƙasa. Ta damƙa ƙasar kowace jiha amana a hannun gwamnanta. Filin birni gwamna ke bayarwa, na karkara kuwa ƙaramar hukuma, ita ma da iyaka: ba za ta ba mutum ɗaya fiye da hekta 500 don noma ko 5,000 don kiwo ba sai da amincewar gwamna. Ku lura da abu biyu. Na farko, dokar ba ta ba dagaci ikon bayar da fili ba. Na biyu, gwamna ne ke ayyana inda ya zama birni, don haka ƙauye na iya kwana ƙauye ya wayi gari birni a takarda, alhali dawa na nan tsaye a gona. Mu da muka taso a Kano mun ji yadda iyayenmu ke ba da labarin Hotoro da Na'ibawa suna gonaki.

A ganinmu, wurin da ya fi ciwo a dokar shi ne diyya. In an karɓe gona don amfanin jama'a, abin da ake biya shi ne na amfanin gona, itatuwa da gini. Ƙasar kanta, wadda kaka ya sare, ba a yi mata kuɗi.

To, mallakar fili daban, izinin gini daban, kuma nan ne da yawanmu ke tuntuɓe a rubutu. Dokar tsara gari ta 1946 an kwaikwayo ta ne daga ta Ingila ta 1932. Ta 1992 ta maye gurbinta, sai Kotun Ƙoli ta yanke a 2003, a ƙarar da Legas ta shigar, cewa tsara gari hurumin jihohi ne. Saboda haka kowace jiha da hukumarta, kamar KNUPDA a Kano. Mai son gina rukunin gidaje a gona sai ya kawo safiyo ya auna, a amince da sauya gonar zuwa wurin zama, a zana fuloti da tituna da magudanan ruwa, sannan a duba zanen ginin a buga hatimi.

Tsawon wannan hanya da tsadarta suka haifi awon igiya. Magada su kira dillali, a ja igiya, a yanka gona fuloti-fuloti, mai unguwa ya sa hannu a takardar ciniki a matsayin shaida. Takardar tana nuna an biya kuɗi, amma ba izinin gini ba ce. Bayan shekaru sai ga unguwa mai lunguna da mota ba ta shiga, ruwan sama ba shi da mafita, wata rana kuma a tashi a ga jan fenti a jikin katanga.

Don haka in za mu dawo da Alhajin nan cikin labari, jakar da ya ba dagaci ta saya masa shaida ne kawai. Sauran tafiyar tana ofishin ƙasa da safiyo, inda fayil zai bi tebur-tebur kafin ya isa gaban gwamna. Marayun ma suna da ƙofar kotu, musamman in an sayar da gonar kafin a raba gado.