Tanderun Jan Bulo a Salford: Yadda Makamashi Ya Tsara Ginin Gidan Burodi

A tanderun jan bulo irin na gidajen burodi, lokacin da kwaɓi zai shiga wutar ta riga ta mutu ko an toshe mata hanya. Abin da ke gashin shi ne zafin da bulo ya sha ya ajiye, yake sakinsa sannu a hankali ta daɓe da rufi da bango. Saboda haka duk tambayar da magini zai yi wa kansa, kaurin bango ne ko tsayin rufi ko faɗin ƙofa, tana komawa ga abin da za a ƙona da kuma tsawon lokacin da ake so zafin ya zauna. Birnin Salford na arewa maso yammacin Ingila, wanda kogin Irwell kawai ya raba shi da Manchester, wuri ne mai kyau na bin wannan batu, domin a cikin shekara 200 makamashin garin ya sauya daga ƙirare zuwa kwal, daga kwal zuwa gas, kuma kowane sauyi ya bar alamarsa a jikin tanderu.

Garin Eccles, wanda ya shiga ƙarƙashin hukumar Salford a 1974, ya yi suna da wani ɗan kek mai busasshen inabi a ciki, wanda James Birch ya fara sayarwa a shagonsa a 1793. Tanderun da Ingila ta gada har zuwa wajen wancan zamani ɗaki ne guda mai rufin ƙubba da ƙofa ɗaya. A cikinsa ake cusa dammunan ƙirare a kunna. Da fari hayaƙi yakan baƙanta rufin da kunkunniya. Idan zafin bulo ya doshi digiri 400 sai kunkunniyar ta ƙone, rufin ya koma fari tas. Ma'aunin mai gashi ke nan, ba shi da wani. Sai ya janyo garwashi da toka waje, ya share daɓen da jiƙaƙƙen tsumma ɗaure a bakin doguwar sanda, ya rufe ƙofa ya ba tanderun lokaci, don zafin da ya taru a fatar bulo ya ratsa ciki ya daidaita. Wanda ya yi garaje ya zuba kwaɓi kafin nan zai fitar da burodi baƙi a waje, ɗanye a ciki. Daga nan gashi yakan bi saukar zafi: manyan burodi tukuna, a wajen digiri 230 zuwa 250, sannan ƙanana da kek, sannan abin da ke son zafi kaɗan.

Ƙofar irin wannan tanderu aiki biyu take yi lokaci guda, iska na shiga ta ƙasanta, hayaƙi na fita ta samanta. In ta yi tsawo zafi ya tsere tare da hayaƙin, in ta yi gajarta wuta ta shaƙe. Lise Boily da Jean-François Blanchette, da suka auna tsofaffin tanderun Quebec a Kanada a littafinsu na 1979, sun tarar tsayin ƙofa yana kai-kawo a wajen kashi 63 cikin 100 na tsayin rufi. Magina na yau sun riƙe wannan adadi kamar doka, alhali ya shafi tanderun da ake hura wuta a cikinsa ne kawai.

A 1761 aka buɗe hanyar ruwan Bridgewater, wadda aka haƙa daga ma'adinan kwal na Worsley, shi ma yanzu cikin Salford, zuwa Manchester. Kuɗin kwal a garin ya faɗi da kusan rabi. Kilo guda na kwal yana ba da zafin da ya kusa ninka na busasshen itace, ga shi ba ya cin wurin ajiya. Matsalarsa ita ce ba ya ci a shimfiɗe a kan daɓe kamar ƙirare. Sai an ɗora shi a kan ragar ƙarfe iska na bi ta ƙarƙashi, kuma sai da bututun hayaƙi mai jan iska da ƙarfi. Wannan buƙata ce ta haifar da tanderu mai murhu a gefe, wanda ya mamaye gidajen burodin garuruwan masana'antu a ƙarni na 19. Ana gina murhun a kusurwa ɗaya ta gaba, kusa da ƙofa, a buɗe bakin bututun hayaƙi a ɗaya kusurwar. Harshen wuta ba shi da zaɓi sai ya shiga ɗakin gashi, ya lashi rufi, ya kewayo ta baya kafin ya sami mafita. Idan bulo ya ƙoshi sai a bar wutar ta kwanta, a tura marfin ƙarfe a toshe bututun. Kwal ɗanye yana barin kunkunniya da warin farar wuta, shi ya sa masu gashi da yawa suka koma ga gawayin kwal, wato ragowar kwal da masana'antun gas suka toya suka cire masa gas, wanda ke ci da zafi ba hayaƙi sosai.

Sauyin murhu ya ja sauyin rufi. Ƙubba mai tsawo ba ta da amfani ga harshen wuta mai tafiya a kwance, kuma tana nesanta zafi daga burodi. Sai aka koma ga baka mai kwanciya, wadda tsakiyarta ba ta fi rabin mita da wani abu daga daɓe ba, a kan ɗaki mai faɗin mita 3 ko 4. Nan ne ainihin wahalar ginin take. Duk maginin Hausa da ya taɓa ɗaura bakan gizo a soro ya san baka ba ƙasa kawai take danna nauyinta ba, tana tura bango waje, kuma gwargwadon kwanciyarta gwargwadon ƙarfin turin. A tanderu abin ya fi haka muni, domin bulo yana kumbura idan ya yi zafi, ya tsuke idan ya huce, kullum ta Allah. Kowane kumburi yana ɗan tura bango, kowace tsukewa tana barin tsaga da ƙura za ta cike, gobe turin ya fara daga inda na jiya ya tsaya. Maganin da aka samu shi ne ɗaure ginin gaba ɗaya da sandunan ƙarfe masu ratsawa daga wannan gefe zuwa wancan, a ɗaure bakinsu da noti a jikin ginshiƙan ƙarfe da ke rungume da bango daga waje. A saman bakar kuma ana zuba yashi mai kauri, ya danne bulo kada ya motsa, ya kuma ƙara wa tanderun abin riƙe zafi.

Kayan ginin ma ba ɗaya ba ne daga ciki zuwa waje. Jan bulo na gini ya isa bangon waje, amma bakin murhu, inda kwal ke ci, zai farfasa shi cikin ɗan lokaci. Wurin yana buƙatar bulon da aka yi da yumɓu mai jure wuta, kuma wanda ya fi suna a Ingila shi ne na Stourbridge, yamma da Birmingham, inda ake haƙo yumɓun daga ƙarƙashin shimfiɗar kwal, aka kuma daɗe ana yin tukwanen narka gilashi da shi. Ana jera bulon ciki da siririn kwaɓin wannan yumɓu, iya abin da zai cike tsakani. Siminti irin na gini ba ya shiga nan; zafi yana kore ruwan da ke riƙe da shi ya mayar da shi gari. Daɓen kuwa da faffaɗan tayil na yumɓu ake shimfiɗa shi a kan yashi, ba a manne ba, don a iya ɗage wanda ya fashe, kuma don shebur ɗin katako mai doguwar ƙota da ake zura burodi da shi ya sulale ba tuntuɓe.

Ɗan lissafi na misali zai nuna inda ribar wannan gini take da inda asararsa take. A ce bulo da yashin da ke ɗaukar zafi sun kai tan 10. Ɗaga zafin kilo guda na bulo da digiri ɗaya yana cin kusan kilojul 0.9, don haka ɗaga tan 10 da digiri 200 zai ci megajul 1,800. Buhun fulawa na Ingila a wancan zamani laba 280 ne, wato kilo 127, kuma yana ba da kwaɓi kusan kilo 200, burodi mai laba 4 sama da 90. Dafa wannan kwaɓi da ƙafar da ruwan da ke fita daga jikinsa ba zai ci fiye da megajul 100 da 'yan kai ba. Ke nan tayar da tanderu daga sanyi yana cinye abin da zai gasa buhu goma sha, tun ba a lissafa zafin da ke bin hayaƙi ba. Wanda ke gashi sau ɗaya a mako, irin wannan tanderu zai talauta shi. Wanda ke gashi kullum kuwa, ƙarin wuta kaɗan yake yi don mayar da abin da ya zube tun jiya.

Daga nan ne rayuwar gidan burodin ta samo siffarta. Tunda tanderu ba ya hucewa, maƙwabtan da ba su da wurin gashi a gida sukan kawo kwaɓinsu ko abincin ranar Lahadi a saka musu cikin ragowar zafi, su biya 'yan kwabbai. Tunda nauyinsa ya fi ƙarfin bene, ga fili da tsada, sai aka riƙa gina shi a ɗakin ƙarƙashin ƙasa, shago a sama. Ma'aikata na kwana a ramin suna kwaɓi da hannu cikin zafi da ƙurar fulawa da ta kwal, don burodi ya fito kafin masu aikin masaƙa su fita da asuba. Rahoton Tremenheere na 1862, wanda ya fi duba Landan, ya tona wannan hali, aka yi dokar gidajen burodi a 1863. Dokar masana'antu ta 1901 ta hana buɗe sabon gidan burodi a ƙarƙashin ƙasa, ta kuma wajabta wa tsofaffin samun takardar amincewar hukuma daga 1904.

Kafin nan ma an riga an sami hanyar raba wuta da burodi. A 1865 Loftus Perkins ya yi rajistar tanderu mai bututan tururi: kowane bututun ƙarfe an zuba masa ruwa kaɗan an toshe bakinsa biyu, an jera su sahu-sahu sama da ƙasan ɗakin gashi, an ɗan karkata su yadda ƙarshensu zai leƙa cikin murhu a bayan gini. Ruwa ya tafasa, tururi ya kai zafi cikin ɗaki, ya koma ruwa ya gangaro. Jikin tanderun har lokacin bulo ne, amma hayaƙi ba ya taɓa burodi, kuma wuta na ci ana gashi, ba jira. A ganina wannan ne ya karya tsohon tanderu, domin burodinsa bai taɓa zama abin kushe ba. Jiran da ke tsakanin wuta da gashi ne mai kasuwa ba zai iya biya ba idan abokin hamayyarsa ba ya jira. Sauran abubuwa sun taru sun ƙarasa. Henry Simon ya kafa injin niƙa mai naɗin ƙarfe a Manchester a 1878, hanyar manyan jiragen ruwa ta Manchester ta buɗe a 1894 ta kawo alkamar Kanada da Amurka har tashar Salford, gidajen burodi suka girma. Warburtons, wanda ya fara da ɗan shago a Bolton a 1876, yau shi ne kan gaba a burodin Birtaniya. Dokar tsabtar iska ta 1956 ta ba ƙananan hukumomi ikon hana hayaƙi a unguwanni, sannan tsarin Chorleywood na 1961, mai haɗa kwaɓi cikin 'yan mintoci da injin mai gudu, ya zo yana neman tanderun ƙarfe mai gas wanda gwangwanaye ke shiga ta wannan baki su fita ta wancan. Kusan kashi 80 cikin 100 na burodin ƙasar ta haka ake yin sa.

Gashi a jikin yumɓu bai ɓace daga waɗannan garuruwa ba, hannu ya sauya. A titin Wilmslow na Rusholme a Manchester da titin Ladypool na Birmingham, mutanen Kudancin Asiya na manna gurasarsu a jikin tanderun yumɓu, ɗan'uwan wanda matan Kano ke gasa gurasa a ciki, sai dai yawancinsu gas ke ci a gindinsu. Masu fiza irin ta Napoli sun dawo da ƙubba, domin suna son digiri 430 ko fiye da wuta a raye a gefe. Wanda zai ƙona itace a yankin da aka hana hayaƙi dole ya yi amfani da irin tanderun da hukuma ta amince da shi. Masu gina sabon tanderun burodi kuwa, musamman bayan littafin Daniel Wing da Alan Scott na 1999, sun gyara babban kuskuren magabata: sun bambanta abin da ke ajiye zafi da abin da ke tare shi. Yashin da ake zubawa a da yana ajiye zafi, amma bai iya hana shi ratsawa ba. Yanzu ana gina bulo mai kauri daidai da yawan gashin yini, a naɗe shi sama da ƙasa da abu mara nauyi mai iska a ciki.

Wannan gyara ya shafi gidajen burodin Kano da Zariya da Maraɗi kai tsaye, inda da yawa har yau da tanderun bulo da itace suke aiki, kuma kuɗin itace na cikin manyan abin da ke cin ribarsu. Ana yawan kula da rufi a manta da ƙasa, alhali daɓen da aka shimfiɗa kai tsaye a kan cikon ƙasa yana zubar da zafi dare da rana, balle da damina idan ƙasar ta jiƙe. Kwalaben da wasu magina ke jerawa a ƙarƙashin daɓe suna da hujja idan an bar su da iskar cikinsu, domin iskar ce ke tare zafi. Idan aka farfasa su an rage amfanin. Gishirin da ake haɗawa da su nauyi kawai yake ƙarawa, ga jan laima da cin ƙarfe. Tokar ɓuntun shinkafa, wanda ke jibge a bakin injinan casa na Kura da Haɗeja, ta fi su duka tare zafi, muddin an zuba ta a busasshen rami mai bango an kuma ɗora daɓen a kan abin da zai ɗauki nauyinsa, domin ita kanta ba ta ɗaukar nauyi.