Tasirin Dokokin Gini a kan Fasalin Gidan Bahaushe: Nazari daga Matameye, Jihar Damagaram

Tsakure

Maƙalar ta duba yadda dokokin yanka filaye, izinin gini da kare itatuwa suke sauya fasalin gida a Matameye, cibiyar gundumar Kance. Ta nuna cewa doka takan zana gida tun kafin magini ya aza tubalin farko, don haka ya wajaba ta san gidan da take wa hukunci.

1.0 Gabatarwa

Ginin Bahaushe bai taɓa zama babu ƙa'ida ba. Fiƙihun Malikiyya ya hana cutar da maƙwabci: ba a buɗe tagar da ke leƙa cikin gidan wani, ba a juya indararo ya zubar da ruwa a katangarsa. Besim Hakim da Zubair Ahmed sun nazarci irin waɗannan hukunce-hukunce na Daular Sakkwato a 2006. A Nijar ta yau kuwa, ginshiƙan su ne dokar tsara birane mai lamba 2017-20 da dokar gini da muhalli mai lamba 2018-25.

2.0 Hanyar Bincike

An kwatanta manufar dokokin da abin da ido ke gani a tsofaffin unguwanni da kuma sababbin filayen da aka yanka.

3.0 Sakamako

3.1 Fili. A tsohuwar unguwa gida yana girma ne tare da iyali: ɗa ya yi aure, a yanka masa sashe. Baƙo yakan tsaya a zaure, ya yi sallama, hanya kuma ta karkata ta shigifa yadda idonsa ba zai faɗa tsakar gida ba. Fili mai kusurwa huɗu da iyaka tsayayya ba ya ba da wannan sarari. Zaure ne ke fara tafiya, ƙofar ƙarfe ta maye gurbinsa, maigida ya koma karɓar baƙi a kan tabarma a bakin titi.

3.2 Rufi. Azara daga giginya take, kuma tsawonta ne ke ƙayyade faɗin ɗaki. Mai son soro mai faɗi sai ya ɗaura bakan gizo. Dokar gandun daji ta 2004 ta sanya ƙa'idoji kan sarar itatuwa, abin da ya dace da yankin da manomansa suka yi suna wajen rainon gawo. Sai dai da azara ta yi wuya, kwano ya samu shiga, ɗaki ya zama tanda a watan Afrilu.

3.3 Kayan gini. Tun zamanin Faransa ake ɗaukar siminti a matsayin gini mai ɗorewa, laka kuma ta wucin gadi. Masallacin Yama, wanda magini Falke Barmu ya gina da laka, ya ci kyautar Aga Khan a 1986. Cibiyar Hikma ta Dandaji, aikin Mariam Issoufou da Yasaman Esmaili, an kammala ta a 2018 da tubalin ƙasa matsattse. Ashe laka ba ta gaza ba. Ma'auni aka hana ta.

4.0 Kammalawa

Doka tana da hujja, domin kowace damina ruwa yana rusa gidajen da aka gina a hanyarsa. Abin da ake buƙata shi ne a rubuta wa laka ma'auninta na tushe, kaurin bango da yaɓe, a bar wa zaure gurbi a taswirar fili, a kuma zaunar da magina cikin masu duba izinin gini. Wanda ya san inda indararo zai zuba, shi ya fi cancanta a tambaya kafin a buga hatimi.