Daniel Steinberg da Batun Gafin Kitsen Jini

Duk mai sayar da man gyaɗa ta san idan mai ya daɗe a buɗe yakan yi gafi. Iskar oksijin ce ke ɓata shi. Masanin sinadaran jiki Daniel Steinberg (1922-2015), wanda ya koma Jami'ar Kalifoniya ta San Diego a 1968, ya yi shekaru yana binciken ko haka ke faruwa da LDL, wato ƙwayar da ke ɗaukar kolestarol cikin jini.

A 1981 shi da abokan aikinsa suka nuna cewa ƙwayoyin bangon jijiya na sauya LDL, har ƙwayoyin garkuwar jiki su riƙa haɗiye ta, su cika da kitse. Daga nan toshewar jijiya ke farawa. A 1984 suka gano oksijin ne sanadin sauyin; a 1987 maganin probucol, mai hana gafi, ya rage cutar a jikin zomaye.

Sai dai fa mutum ba zomo ba ne. Gwajin HOPE na 2000, kan mutum fiye da 9,000, ya nuna bitamin E bai rage bugun zuciya ba. A ganinmu wannan bai rushe hasashen ba, maganin da aka gwada ne ya kasa.