Yaron da Ba Zai Gama Makaranta Ba: Michael West da Ƙidayar Kalmomin Turanci

A shekarar 1912 wani matashi ɗan Ingila mai suna Michael West ya sauka Indiya domin aikin ilimi. Daga baya ya shugabanci kwalejin horar da malamai ta Dhaka a yankin Bengal, birnin da yau yake fadar gwamnatin Bangladesh. Abin da ya tarar a azuzuwa ya hana shi sakat: akasarin yara kan bar makaranta kafin su kammala, alhali an tsara darasin Turanci ne domin 'yan tsirarun da za su kai ƙarshe. Wanda ya fita a tsakiya kuwa, ba tsuntsu ba tarko.

Sai West ya aro wata tambaya daga harkar inshora, inda ake lissafa abin da mutum zai karɓa in ya janye kafin wa'adi. Idan yaro ya bar aji bayan shekara biyu, me ya riƙe a hannu? Amsarsa, wadda ya bayyana a rahotonsa na 1926 kan zama da harsuna biyu a Bengal, ita ce a fara da karatu, domin shi ne abin da yaro zai iya ci gaba da shi ko babu malami.

Da ya duba littattafan da ake amfani da su, sai ya ga inda gizo ke saƙar. An cika su da tsofaffin kalmomin adabi irin su "ere", "isle" da "nought", waɗanda ko Baturen bai cika furta su a kasuwa ba. Ya musanya su da "before", "island" da "nothing". Gyara na biyu ya fi wannan muhimmanci. Sababbin kalmomi sun cunkushe, kusan kowane layi da baƙuwarsa, har yaro ya koma fassara maimakon karatu. West ya tsawaita labaran, ya rarraba baƙin kalmomin, ta yadda kowace za ta zo kewaye da waɗanda yaron ya riga ya sani, kuma ta sake dawowa sau da dama kafin a kawo wata. Aikin malami ya tashi daga bayar da jerin kalmomin hadda, ya koma gabatar da 'yan kaɗan, sannan ya bar labari ya yi sauran aikin.

Kamfanin Longmans ya buga littattafan da sunan New Method Readers, suka bazu har Najeriya, Kenya da Uganda. A 1935 shi da James Endicott suka fitar da ƙamus wanda aka yi dukkan bayanansa da kalmomi 1,490 kacal.

Tsarin yana da tasgaro. Yaron da ya iya karanta shafi ba lallai ne ya iya buɗe baki ya yi magana ba, kuma Turancin da aka tace yakan rasa armashi. Amma sukar ba ta kashe ƙidayar ba. Tun 1921 Edward Thorndike ya wallafa jerin kalmomi 10,000 bisa yawan fitowarsu a rubuce, a Amurka. A 1934 shi da West da Harold Palmer suka haɗu a wani taro a New York kan zaɓen kalmomin koyarwa, kuma daga wannan aiki ne West ya fitar da General Service List a 1953, mai kalmomi kimanin 2,000, wanda marubuta littattafan 'yan koyo suka shafe shekaru da dama suna auna shafukansu da shi.