Madatsar ruwa ta Bakolori da batun rabon ruwa tsakanin gwamnatoci

Madatsar ruwa ta Bakolori, wadda aka gina a kan gulbin Sakkwato a jihar Zamfara ta yanzu, tana daga cikin manyan ayyukan noman rani da gwamnatin tarayyar Nijeriya ta ƙirƙiro bayan farin da ya addabi yankin Sahel tsakanin 1972 da 1974. Tafkin nata yana yankin Maradun, filayen da take shayarwa kuwa sun bazu a yankunan Talata Mafara da Bakura, inda garuruwa irin su Dakko da Birnin Tudu suke. Amma ruwan da ke cikinta ba na waɗannan garuruwa ba ne kaɗai, kuma tambayar ko wane ne ke da ikon tsare shi ko sakinsa ta shafi gwamnatoci da dama a ciki da wajen Nijeriya.

Gulbi ɗaya, jihohi huɗu

Gulbin Sakkwato yana tasowa ne daga kusa da Funtuwa a jihar Katsina, ya ratsa Gusau, ya haɗu da gulbin Rima a kusa da birnin Sakkwato, sannan ya bi ta Argungu da Birnin Kebbi kafin ya faɗa cikin kogin Kwara. A lokacin da aka kafa Hukumar Raya Kogunan Sakkwato da Rima a 1973, kusan ilahirin wannan hanya tana cikin jiha guda ce, wato jihar Arewa maso Yamma. Daga baya an ƙirƙiro jihar Katsina a 1987, da Kebbi a 1991, da Zamfara a 1996, ta yadda a yau gulbin ke ratsa jihohi huɗu, kowace da gwamnanta da ma'aikatarta ta ruwa.

Dokokin ƙasar sun raba iko ta hanyar da ke tilasta haɗin kai, ko ana so ko ba a so. Dokar albarkatun ruwa ta 1993 da kundin tsarin mulki na 1999 sun danƙa wa gwamnatin tarayya ruwan da ya shafi jiha fiye da ɗaya, alhali kuwa dokar mallakar ƙasa ta 1978 ta sanya filaye a hannun gwamnonin jihohi. Ke nan ruwan Bakolori na tarayya ne, gonar da yake shayarwa tana ƙarƙashin jiha, manomin kuma mai unguwarsa da hakiminsa ya fi sani. Ƙoƙarin da aka yi na haɗa dokokin ruwa wuri guda a majalisar dokokin tarayya ya gamu da adawa mai tsanani a 2018 da 2020, musamman daga waɗanda ke ganin tarayya na neman ƙwace bakin koguna daga hannun jihohi.

Yadda aka gina madatsar

Kamfanin Impresit na ƙasar Italiya ne ya gudanar da aikin, wanda aka fara a 1974 aka kammala ginin madatsar a 1978. Tafkin yana ɗaukar ruwa kimanin kubik mita miliyan 450, kuma an tsara zai shayar da kadada dubu 23, kashi mafi yawa ta hanyar injinan yayyafi, ragowar kuma ta magudanai.

Ba a yi shawara da manoman yankin yadda ya kamata ba. Dubban mutane ne aka tayar daga gidajensu da gonakinsu na fadama, wasu kuma aka hana su shuka har na tsawon damuna fiye da ɗaya yayin da ake baje ƙasa, ga jinkirin biyan diyya. Manoman sun tare hanyoyin shiga wurin aikin, kuma a watan Afrilun 1980, zamanin mulkin Shugaba Shehu Shagari, 'yan sandan kwantar da tarzoma suka buɗe musu wuta. Hukumomi sun ce waɗanda suka mutu ba su kai talatin ba, amma wasu majiyoyi sun ce ɗaruruwa ne.

Wani ɓangaren asarar da ba a cika ambatonsa ba ya auku ne a ƙasan madatsar. Tun kaka da kakanni, manoman fadamun gulbin Sakkwato sun dogara ne da ambaliyar damuna, wadda ke jiƙa ƙasa don noman shinkafa, ta bar laima ga kayan rani, ta kuma cika tafkunan da masunta ke kamun kifi. Da aka tsare ruwa, ambaliyar ta ragu, kuma binciken da masanin ƙasa W. M. Adams ya wallafa a shekarun 1980 ya nuna yadda noman shinkafa da su suka ja baya a ƙauyukan da ke ƙasa. Waɗannan mutane ba sa cikin lissafin waɗanda za su amfana, ba sa kuma cikin na waɗanda za a biya diyya. Injinan yayyafin ma daga baya sun tsaya saboda rashin wutar lantarki da kayan gyara. A 2014 Bankin Duniya ya amince da rancen kusan dala miliyan 495 don farfaɗo da manyan ayyukan ban ruwa a arewacin ƙasar, ciki har da Bakolori, tare da ƙarfafa ƙungiyoyin masu amfani da ruwa. Sai dai hare-haren 'yan bindiga a Zamfara sun hana manoma da yawa zuwa gonakinsu cikin kwanciyar hankali.

Ƙetaren iyaka: Nijeriya da Nijar

A ɓangaren Rima, lamarin ya wuce na jihohi ya zama na ƙasashe. Gulbin Gada yana tasowa daga jihar Katsina, ya shiga Jamhuriyar Nijar inda ake kiransa Gulbin Maraɗi, sannan ya sake komowa Nijeriya ya zuba a Rima, wanda aka datse a Goronyo. A kan wannan gulbi, Nijeriya ce ke sama da Nijar, ita ce kuma ke ƙasa da ita. Madatsar Jibiya da aka gina a kan Gada ta sa manoman kwarin Maraɗi sun sha kokawa kan raguwar ruwan da ke isa gare su, wato irin kukan da mutanen ƙasan Bakolori suka yi.

Ƙasashen biyu suna da hukumar haɗin gwiwa tun 1971, mai hedikwata a Yamai. A ranar 18 ga watan Yulin 1990 suka sanya hannu kan yarjejeniyar Maiduguri, wadda ta tanadi raba ruwa bisa adalci a kwaruruka huɗu da suka haɗa su: Maggiya da Lamido, Gada da Gulbin Maraɗi, Tagwai da El Fadama, da kuma ƙasan Komadugu Yobe. Yarjejeniyar ta wajabta musayar bayanai da tuntuɓar juna kafin a fara wani aikin da zai taɓa ruwan ɗaya ɓangaren. Rauninta shi ne aiwatarwa, domin ba a raba ruwan da ba a auna ba, kuma tashoshin awon ruwa a waɗannan gulabe ba su wadata ba.

Sama da wannan akwai Hukumar Kogin Kwara, wadda aka kafa a 1964 aka sake mata fasali a 1980. Tana da ƙasashe tara, kuma a 2008 shugabanninsu suka amince da kundin ƙa'idojin amfani da ruwan kogin. An daɗe ana danganta wutar lantarkin da Nijeriya ke sayar wa Nijar da buƙatarta ta ganin ruwa na ci gaba da kwararowa zuwa madatsar Kainji. Nijar dai ta ƙaddamar da aikin madatsar Kandaji a 2008, Nijeriya kuma ta katse mata wuta bayan juyin mulkin watan Yulin 2023, ba ta maido ba sai a 2024, abin da ya ƙarfafa hujjar masu cewa Nijar ta dogara da kanta.

Akwai misalin da ya sha bamban a yammacin Afirka. A 1972 ƙasashen Mali da Muritaniya da Senegal suka kafa hukumar raya kogin Senegal, suka gina madatsun Diama da Manantali a matsayin mallakar haɗin gwiwa, suna raba kuɗin aiki da amfaninsa bisa wani ma'auni da suka amince da shi. Ko a can ɗin manoman fadama sun yi asara, amma dai buɗe ƙofar madatsa ba shawarar gwamnati ɗaya ba ce. A kwarin Sakkwato da Rima, hukumar tarayya ce ke riƙe da ƙofofin Bakolori da Goronyo, kuma sakamakon shawararta kan bayyana a wata jihar: ambaliyar da ta cinye ƙauyuka a ƙasan Goronyo a damunar 2010, da kuma fargabar ƙarancin ruwan sha a Sakkwato da Birnin Kebbi lokacin da tafkin ya ja baya matuƙa a 2018.